Lissafi da Awon Kayan Motocin Rimot

Motocin rimot na manya, waɗanda ake tuƙawa daga nesa ta hanyar siginar rediyo, sun sha bamban da na wasan yara domin ana iya kwance su ɗaiɗai, a canja giya, inji, taya ko batir. Canje-canjen nan ne suka haifar da wani ɗan fanni na lissafi da awo, har da kalkuletoci a intanet inda mutum zai shigar da lambobin kayansa a fitar masa da gudun da motar za ta yi. Harkar ta fi ƙarfi a Japan, Amurka da Turai. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka ya fitar da motarsa ta farko, samfurin Porsche 934, a 1976. Kamfanin Team Associated na Amurka ya fito da motarsa RC10 a 1984. Hukumar tseren duniya, IFMAR, an kafa ta a 1979. Da yake sana'ar ta tashi a gidaje biyu, Amurkawa da incinsu, Japanawa da Turawa da milimitarsu, har yau awon kayan a cakuɗe yake, kuma yawancin asarar da sabon shiga yake yi daga nan take fitowa.

Sikeli

Ana rubuta girman mota da sikeli: 1/10 na nufin kashi ɗaya bisa goma na motar gaske. Akwai 1/5, 1/8, 1/18 da 1/24, amma 1/10 ta fi yawa. Sikeli kaɗai ba ya isa a sayi kaya da shi, domin motar tseren kwalta da motar hawan duwatsu duk za su iya zama 1/10 alhali ba abin da ya haɗa su. Ta tseren kwalta mai batir faɗinta milimita 190 ne, mai shan mai kuma 200, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya kuwa wajen 257. Yawancin na hawan duwatsu tazararsu 313 ce, wato inci 12.3. Da waɗannan lambobi ake zaɓen bodi.

Giya

Nan ne lissafin ya fi yawa. A bakin shaf ɗin inji akwai ƙaramar giya, ita ke juya wata babba, babbar kuma ta miƙa juyin ga giyoyin cikin akwati har ya isa taya. Ana raba haƙoran babbar da na ƙaramar, sannan a ninka da rabon cikin akwati, wanda kamfani ya ƙayyade. Abin da ya fito shi ne adadin juyin da inji zai yi kafin taya ta juya sau ɗaya.

A ɗauki Tamiya TT-02, wadda ta fito a 2013 kuma mutane da yawa da ita suke fara koyo. Rabon cikinta 2.6 ne, babbar giyarta haƙora 70, ƙaramar 22. An raba 70 da 22, an ninka da 2.6, sai a sami 8.27. Idan aka sa ƙaramar giya mai haƙora 25, lambar ta sauko 7.28: motar za ta fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma tashinta zai yi nauyi kuma injin zai fi ɗaukar zafi. Traxxas Slash mai jan baya rabon cikinta 2.72 ne, shi ya sa kalkuleta mai kyau takan fara da tambayar sunan mota.

Yawan haƙora rabin zance ne, saura girmansu. Amurkawa suna ƙirga haƙora nawa ke zuwa a kan kowane inci na faɗin giya, su ce fic 32, 48 ko 64, lamba na hawa haƙori na ƙanƙancewa. A awon milimita kuwa ana cewa modul 0.6, 0.8 ko 1, lamba na hawa haƙori na girma. Idan aka raba 25.4 da fic, a sami modul. Fic 32 yana ba da 0.79, saboda haka yana shiga da modul 0.8 ba tare da wata matsala ba. Fic 48 kuwa 0.53 ne, kuma a ido kamar modul 0.6 na Tamiya yake. Kama da wane ba ta wane: giya mai haƙora 22 a modul 0.6 faɗinta a layin haɗuwar haƙora milimita 13.2 ne, a fic 48 kuma 11.6. Wanda ya haɗa su zai ji ƙara mai kaifi, kafin batir ɗaya ya ƙare haƙoran babbar giyar, da yake galibi ta roba ce, sun suɗe.

Ko an dace da girman, sai an bar 'yar rata tsakanin giyoyin biyu. Dabarar da aka saba ita ce a cusa siririyar takarda tsakanin haƙoran, a matsa injin, a ɗaure sukurori, sannan a murza giyar takardar ta fito. Idan ta fito da lanƙwasa irin ta haƙoran ba ta yage ba, ratar ta yi.

Gudu

Injin lantarki marar burushi ana rubuta masa lambar Kv, wato juyi nawa yake yi a minti ɗaya a kan kowane volt idan ba ya jan komai. Batirin LiPo, wani nau'in batirin litiyom, kowane ɗaki nasa volt 3.7 ne, a cike 4.2, mai ɗaki biyu, da ake rubutawa 2S, 7.4 ke nan. Inji mai Kv 3000 a kan 2S zai yi juyi 22,200 a minti. A raba da 8.27, taya na juyi kusan 2,684. Tayar tseren kwalta tsayinta wajen milimita 64 ne, kewayenta 201, don haka motar na cin mita 540 a minti, kimanin kilomita 32 a awa. Da giya mai haƙora 25 lissafin ya kusa 37.

Duk abin da kalkuletar gudu take yi ke nan, kuma amsarta ta kan takarda ce. Ba ta san nauyin mota ba, ba ta san iska ko ciyawa ba, ba ta san cewa ƙarfin batir na sauka da zarar an matsa wuta ba. A ɗaya ɓangaren, tayoyin manyan motoci sukan kumbura idan gudu ya yi yawa, tsayinsu ya ƙaru. Amfaninta na gaske shi ne kwatanta haɗi biyu, a ga wanne ya fi kuma da nawa. Mai son sanin ainihin gudu yakan ɗaura 'yar na'urar GPS a kan motar. Hukuncin ƙarshe kuma na ma'aunin zafi ne: a yi 'yan mintoci ana gudu, a auna jikin injin, idan ya haura digiri 70 zuwa 80 na Salshiyos a rage haƙoran ƙaramar giya, domin zafi mai yawa yana kashe maganaɗisun da ke ciki. Haɗin da ya zauna lafiya a lokacin sanyi yana iya ƙona inji a ranar zafi.

Masu tsere da tayar soso suna da nasu lissafin. Soso na cinyewa, tsayin taya na raguwa daga tsere zuwa tsere, don haka abin da suke bi shi ne nisan da mota ke yi a juyin inji ɗaya: kewayen taya a raba da rabon giya. A misalin da ya gabata milimita 24.3 ne. Taya ta ragu, sai a ƙara haƙori a ƙaramar giya don lambar ta koma inda take.

Awon sauran kaya

Wili yana zama ne a kan wani ƙarfe ko roba mai kusurwa shida. Na yawancin motocin 1/10 milimita 12 ne, na 1/8 kuma 17. Ana kuma duba zurfin mazaunin wilin, domin shi ke fitar da taya waje ko ya shigar da ita ciki. Milimita uku a kowane gefe sun isa su sa taya ta riƙa gugar bodi. Wilin motocin hawan duwatsu har yau da inci ake kiransa, 1.9 ko 2.2, ko a ƙasashen da ba sa awo da inci.

Inji mai lamba 3650 faɗinsa milimita 36 ne, tsawonsa 50. Shaf ɗin injinan 1/10 yawanci milimita 3.175 ne, wato kashi ɗaya bisa takwas na inci, na 1/8 kuwa 5, kuma dole ramin ƙaramar giya ya zo daidai da shi. Boris ana rubuta shi da lamba uku: ramin ciki, faɗin waje, kauri. Wanda Tamiya ke kira 1150 shi ne 5×11×4, kuma akwai 5×10×4 da ido ba ya rabe su, shi ya sa ba a rasa kalifa, ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu, a akwatin mai wannan harka.

Man shokazoba ma awo biyu gare shi. Lambar cSt awon kaurin ruwa ne na kimiyya, lambar wt kuwa kowane kamfani da yadda yake ƙirga tasa, don haka 30 na wannan ba lallai ya zama 30 na wancan ba. Teburan da ke juya wt zuwa cSt kintace ne, kuma masu tsere da yawa sukan tsaya a kan man kamfani ɗaya don su san abin da suka canja.