Neman magani bayan guguwar Katrina

Guguwar Katrina ta sauka jihar Luwiziyana ta Amurka ran 29 ga Agusta 2005, madatsun ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ya nutse. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne halin da masu ciwon da ake shan magani kullum suka shiga, wato hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, da masu wankin ƙoda.

Mutane da yawa sun fito ne da tunanin kwana biyu uku za su yi su koma, wani ma daga kan rufin gida aka ɗauko shi da kayan jikinsa kawai. To a Amurka ba a sayar da yawancin irin waɗannan magunguna sai da takardar likita, ga asibitin ya rufe, fayil ɗin ya jiƙe, likitan shi ma ya yi hijira. A filin wasa na Astrodome da ke birnin Houston na jihar Texas, inda aka tsugunar da dubbai, likita zai tambayi dattijuwa wane magani take sha, ta ce masa ƴar ƙaramar ƙwaya ce fara, da safe take sha. Ba suna, ba adadin milligiram, kuma gaskiya ba laifinta ba ne.

Masu allurar insulin ta ciwon suga sun fi shan wuya, don tana son sanyi kuma ba wuta balle firij, ga zafin Agusta. Mai wankin ƙoda kuwa sau uku a sati yake hawa inji, in ya tsallake biyu rayuwarsa ce a kan siratsi, kuma cibiyoyin wankin da dama sun rufe.

A watan Satumba aka buɗe KatrinaHealth, shafin intanet da ya tattaro tarihin magungunan mutane daga kantunan magani, likita ya duba ya ga abin da majinyaci ke sha. Tsofaffin sojoji sun ɗan samu sauƙi tunda bayanansu dama suna kwamfuta. Daga baya gwamnatin tarayya ta kawo shirin EPAP, mai ba marasa inshora maganin kwana 30 kyauta a yankin da bala'i ya afka, sai dai ba kowace guguwa ake buɗe shi ba, sai an ayyana.