Karatun Kafin Lasisi: Abin da Ake Nufi da Shi a Harkar Wakilan Inshora

Duk mai bibiyar tallan neman aiki a WhatsApp da Facebook a 'yan shekarun nan ya taɓa cin karo da irin wannan sanarwa: kamfanin inshora na neman matasa da za su yi masa wakilci a Gombe, babu albashi sai kamasho, kuma za a ba da horo. Wasu kan ƙara da cewa sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin a nema masa lasisi. Wannan kwas da jarrabawar da ke biye da shi su ne karatun kafin lasisi. Ilimi ne da hukuma ta ce wajibi mutum ya samu, a gwada shi a kai, kafin a sakar masa mara ya shiga kasuwa yana karɓar kuɗin jama'a da sunan inshora. Ba digiri ba ne, ba kuma horon dabarun talla ba ne irin wanda kamfani ke yi wa sababbin ma'aikatansa a ɗakin taron otal. Horon kamfani yana koya maka yadda za ka sayar. Karatun kafin lasisi yana koya maka mene ne ainihin abin da kake sayarwa.

Mu fara da sanin waye wakilin, don ana yawan cakuɗa shi da dillali. Wakili, wanda 'yan kasuwa suka fi kira ejan, mutumin kamfani ne. Kamfanin ne ya naɗa shi, hajar kamfanin yake tallatawa, daga kamfanin kuma yake karɓar kamashonsa. Dillalin inshora kuwa a ɓangaren mai saye yake tsayawa: ya zaga kamfanoni, ya kwatanta farashi da sharuɗɗa, ya zaɓo wa wanda ya aike shi abin da ya fi dacewa. Dillalai suna da majalisarsu mai suna NCRIB, kuma ƙa'idojin da aka gindaya musu sun fi na wakili nauyi nesa ba kusa ba. Maganarmu a nan kan wakili take, don shi ne wanda talaka ke gani ido da ido.

Dokar inshora ta 2003 ta jera abubuwa uku da sai mutum ya haɗa su kafin ya amsa sunan wakili. Da farko ya mallaki satifiket ɗin ƙwarewa mai ɗauke da sunansa shi kansa, daga cibiyar ƙwararrun inshora ta ƙasa, CIIN. Sannan wani kamfanin inshora ya naɗa shi a rubuce. Daga nan hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba shi lasisi, wanda ake sabuntawa. Dokar ta kuma rufe ƙofa ga yaron da bai kai shekarun girma ba, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta taɓa kamawa da laifin zamba ko cin amana. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, ta ɗaga jarin da ake buƙata daga kamfanoni zuwa naira biliyan 10 ga masu inshorar rayuwa da biliyan 15 ga masu inshorar dukiya, amma batun cewa ba a wakilci sai da lasisin NAICOM yana nan daram.

CIIN ɗin tsohuwar cibiya ce, an kafa ta a 1959, ta sami cikakken ikon doka a 1993. NAICOM kuwa a 1997 aka kafa ta, shekara guda bayan an yanko jihar Gombe daga Bauchi. Hedikwatar CIIN tana Legas, kwalejinta tana jihar Ogun a kan hanyar Legas zuwa Ibadan, manyan kamfanonin ma yawancinsu a Legas suke zaune. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali dalilin da ya sa harkar take wa mutanenmu kamar baƙuwa.

A Amurka, inda wannan lafazi ya fi yawo, kowace jiha ce ke tsara nata, kuma da awoyi ake auna karatun. New York tana neman awa 90 ga mai son sayar da inshorar dukiya da haɗari, Florida tana neman awa 200 ga babban lasisinta na wannan fanni, ita kuwa Texas ba ta wajabta zaman aji ba, ka ci jarrabawa kawai. Mu a nan tsarin ɗaya ne daga Legas har Nafaɗa, saboda inshora harkar gwamnatin tarayya ce.

To me ake koyarwa? Ginshiƙin farko shi ne cikakkiyar gaskiya tsakanin ɓangarorin biyu. A cinikin yau da kullum mai saye ne ke buɗe ido ya duba kaya. A inshora kamfani bai ga komai ba sai abin da aka faɗa masa, don haka duk abin da zai iya canja lissafinsa dole a bayyana shi. Na biyu, ba ka yi wa abu inshora sai idan asararsa za ta shafe ka kai tsaye. Kana iya yi wa motarka ko shagonka, amma ba ka da ikon yi wa rumbun maƙwabcinka don ka ci riba ranar da ya ƙone, wannan ya zama caca. Na uku, diyya maida mutum inda yake ce kafin asara, ba a arziki da ita. Akwai kuma batun gano ainihin musabbabin asara, da yadda kamfanoni biyu ke raba biya idan an yi wa abu ɗaya inshora sau biyu, da 'yancin da kamfani ke da shi na bin wanda ya jawo ɓarnar bayan ya biya. Ana haɗa waɗannan da dokokin ƙasa da ladubban sana'a.

A kan takarda waɗannan duk busassun bayanai ne. A kasuwa ake ganin nauyinsu. Ɗauki ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi da ke da masara da wake na naira miliyan 10 a sito. Wakili ya zo, suka gaisa, aka shimfiɗa masa tabarma, aka zo wurin rubuta darajar kaya. Alhaji ya ce, "Ɗana, rubuta miliyan 5 kawai, kuɗin zai yi mini sauƙi." Wakilin da bai yi karatu ba, ko wanda idonsa ke kan kamasho, zai ce "An gama, ranka ya daɗe," ya rubuta. Ranar da gobara ta ci kayan miliyan 4, Alhaji zai zauna yana jiran miliyan 4, tunda ai ba ta kai 5 ɗin da ya rubuta ba. Sai a kawo masa miliyan 2. Dalili kuwa akwai sharaɗi a yawancin takardun inshorar gobara da ke cewa wanda ya yi wa rabin dukiyarsa inshora, shi ya ɗauki nauyin ɗaya rabin da kansa, saboda haka rabin kowace asara za a biya shi. Daga wannan rana Alhaji da 'ya'yansa da duk 'yan layinsu sun yanke hukunci cewa inshora damfara ce. Alhali magana ce ta minti biyu da ya kamata a yi masa tun a kan tabarma.

Cike fom ma wani ramin ne. Fom ɗin da Turanci yake, takardar yarjejeniyar ma haka, Turancin ma na lauyoyi. Yawancin masu saye a wajenmu ba su karantawa, miƙa wa wakili suke ya cike su sa hannu ko su dangwala. Dokar 2003 ta ce wakilin da ya taimaka wa mai nema wajen cike fom, a wannan lokacin ana ɗaukarsa a matsayin wakilin mai neman ne, ba na kamfani ba. Ma'ana idan fom ya tambaya ko ana ajiye fetur a shagon, wakili ya rubuta a'a ba tare da ya tambaya ba, alhali ga jarkokin janareta jere a lungu, kuskuren a wuyan mai shago zai faɗa. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa karatun kafin lasisi ya fi muhimmanci a Gombe fiye da a wurin da kowa ke iya karanta takardarsa da kansa. A nan wakili shi ne mai karatun, shi ne tafintan, abin da ya fahimta shi kaɗai mai saye zai fahimta.

Sai maganar kuɗi. Ƙa'idar da NAICOM ta tsananta aiki da ita tun farkon 2013 ita ce ba biya, ba kariya. Babu "a rubuta, zan kawo ranar kasuwa." Mu da muka saba da bashi da amana a ciniki, wannan yana mana tsauri, kuma wakilin da ya ce wa mutum ya kwantar da hankalinsa inshorarsa ta riga ta fara aiki alhali bai biya ba, ya cuce shi ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Inshorar da kowa ya sani ita ce ta mota, wadda doka ta tilasta, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Daga 1 ga Janairun 2023 kuɗinta na ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, iyakar diyyar dukiyar da aka lalata ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, kuma 'yan sanda sun ƙaddamar da binciken takardar gadan-gadan a Fabrairun 2025. A nan ne masu wakilcin bogi suka fi cin kasuwa. Mutum zaune da tebur ƙarƙashin bishiya kusa da inda ake sabunta takardun mota, ya buga maka takarda mai tambari da araha, direba ya cusa ta a aljihun mota don ya nuna a shinge. Sai ranar da ya daki wata mota a wajen Tashar Dukku ake gane babu kamfanin da ya san da zamanta. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai a intanet mai suna NIID, inda za ka sa lambar motarka ka ga ko takardarka ta gaskiya ce. Wakilin kirki shi da kansa zai ce ka duba a gabansa.

Akwai giɓin da nake ganin karatun gama-gari ba zai cike wa ɗan Arewa ba sai ya ƙara da nasa ƙoƙarin, wato takaful, inshorar da aka tsara bisa shari'ar Musulunci. Tambayar farko da za a yi wa wakili a Pantami ko Bolari ba ta farashi ba ce, ta halacci ce. Malamai da yawa sun soki inshorar da aka saba saboda kuɗin ruwa, da rashin tabbas a cikin cinikin, da kamanninta da caca. Takaful ya zo da wani tsari: mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kamfani yana kula da asusun a matsayin wakili mai karɓar lada ko abokin tarayya a riba, ana juya kuɗin a harkokin halal kawai, kwamitin malamai na sa ido, idan kuma an sami rara ana iya raba wa mahalartan. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka biyo baya. Wakilin da ba zai iya warware wannan bambanci da Hausa mai daɗi ba, a gaban dattijon da ya sauke littattafan fiƙihu, gara ya sha ruwa ya yi sallama. Haka batun noma: manomin shinkafa a Dadin Kowa yana da tambayoyi kan ambaliya da fari da tsuntsaye, akwai kuma hukumar inshorar noma ta tarayya, NAIC, da aka kafa don wannan, amma mutum zai iya riƙe satifiket bai san bambancin noman rani da na damina a lissafin haɗari ba.

Kada kuma a ɗora wa satifiket abin da ba zai iya ɗauka ba. Kwas ne gajere, mafi ƙarancin abin da ake buƙata ne, kuma jarrabawa ba ta auna tsoron Allah. Mai lasisi ma yana iya cinye kuɗin mutane. Bambancin shi ne mai lasisi yana da suna a rajista, yana da kamfanin da ya naɗa shi wanda za a iya kama wa, yana da abin da za a ƙwace masa, kuma NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Na ƙarƙashin bishiya kuwa gobe ya ɗauke teburinsa.

Matashin da ke sha'awar wannan sana'a ya fara da bincikar ko kamfanin da ke kiransa yana cikin jerin waɗanda NAICOM ta yi wa rajista, jerin yana shafinta na intanet. Ya tambaya ƙarara ko za a kai shi ga satifiket ɗin CIIN da lasisi da sunansa, ko kuwa rasit kawai za a ba shi a tura shi kasuwa. Ya kuma sani cewa kamasho ba albashi ba ne, watan da bai sayar ba babu ko sisi, kuma a ƙasar da inshora ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinta ba, watannin farko kan yi ɗaci. Shi kuma mai saye yana da damar ya ce wa duk wanda ya zo masa da fom, "Malam, nuna mini lasisinka da takardar kamfanin da ya turo ka," sannan ya biya kuɗinsa ta asusun kamfanin, ba na wakilin ba, ya karɓi rasit mai sunan kamfanin.