Gyaran injin busar da tufafi a gida

Gyaran injin busar da tufafi a gida shi ne mai inji ya binciki abin da ya same shi da kansa, ya share shi, ya sauya ƙananan kayan da suka lalace, ba tare da ya kai shi shagon mai gyara ba. Injin da ake nufi shi ne mai ganga, wanda ke jujjuya wankakkun kaya cikin iska mai zafi har su bushe. Gininsa ba shi da wuyar ganewa: ganga ce, da moton lantarki, da bel, da fanka, da hita, sai 'yan na'urorin tsaro. Shi ya sa yawancin matsalolinsa ba su fi ƙarfin mutum mai haƙuri da ke da sukudireba da mitar gwajin wuta ba. Sai dai inji ne mai jan wuta sosai, kuma yana tara ɓurɓushin zare, abin da wuta ke saurin kamawa. Gyaran ganganci a kansa kan ƙare da gobara.

Asalinsa da zuwansa Zariya

A 1892 wani Ba'amurke baƙar fata, George T. Sampson, ya yi rajistar na'urar busar da tufafi mai amfani da zafin murhu. Mai ganga irin na yau ya samo asali ne daga aikin J. Ross Moore na jihar Dakota ta Arewa, wanda kamfanin Hamilton ya fara sayarwa a 1938 da sunan June Day. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ya bazu a gidajen Amurka, daga baya na Turai.

A Zariya ba kayan kowane gida ba ne, kuma dalilin a fili yake. Da hunturu ko bazara, kayan da aka shanya a igiya kan bushe tun ba a gama wanke sauran ba. Ranar injin tana zuwa ne da damina, musamman lokacin marka a watan Agusta, sa'ad da zannuwan gado da tawul kan kwana biyu a rataye suna warin danshi. An fi ganinsa a otal-otal, da asibitoci, da shagunan wanki da guga irin na Samaru da Sabon Gari, da wasu gidajen ma'aikata. Da yawa daga cikinsu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai, waɗanda 'yan kasuwa ke kira kayan Beljiyam. Sukan zo babu takardar bayani, sun riga sun ci shekaru, sannan su yi wata shida ko bakwai a ajiye ba a kunna su ba. A wannan zaman ne ƙurar hunturu ke shiga, ɓera ya ci waya, zanzaro ya gina ɗakinsa a bakin bututu.

Ire-irensa

Mai bututu shi ne mafi sauƙi: yana zuƙo iskar ɗaki, ya ɗumama ta, ya tura tururin waje ta bututu mai faɗin milimita 100. Mai tanki ba ya buƙatar huda bango, domin yana sanyaya tururin ya koma ruwa, ruwan ya taru a tankin da ake zarowa a zubar. Na uku yana da kwamfireso da gas irin na firiji. Ba ya cin wuta kamar sauran, yana busarwa da zafin da bai wuce digiri 50 da 'yan kai ba, amma shi ne mafi wuyar gyara. Akwai kuma mai ƙona gas a maimakon hita, wanda aka fi samu cikin injinan Amurka.

Kowane iri ne, asirinsa iska. Hita tana ba da zafi, amma iskar da ke ratsa kaya ta fice ita ke ɗauke danshin. Idan hanyarta ta toshe, zafi ya taru wuri guda, kaya su ƙi bushewa, na'urorin tsaro su yi ta yanke wuta har ɗaya ta mutu. Wanda ya sauya abin da ya mutu bai buɗe hanyar iskar ba, zai sake sayen wani nan ba da jimawa ba.

Maganar wuta

Kafin a zargi inji, a fara duba wutar da ake ba shi. Ma'aunin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne mai zagaye 50 a daƙiƙa, daidai da na Turai. Injin Turai mai hita kan ja wat 2,000 zuwa 2,800. Mai wat 2,500 yana jan kusan amfiya 11, ke nan ya kusa cika fis ɗin amfiya 13 da ke cikin fulogi mai baki uku. Bai kamata a sa shi a siririyar wayar ƙari ko a soket guda da dutsen guga ba. Fulogin da ya yi baƙi ko ya fara narkewa alama ce ta soket mai sako-sako.

Raunin wuta yana rage zafi fiye da yadda ake tsammani. Idan wuta ta sauka daga bolt 230 zuwa 180, hita ba za ta ba da fiye da kashi 61 cikin ɗari na zafinta ba, moto kuma ya riƙa wahala yana ɗaukar zafi. Mutane da dama sun kwance lafiyayyen inji saboda wannan. A sa mita a soket yayin da injin ke aiki; idan ma'aunin ya faɗi sosai, matsalar tana wajen wuta ko wayoyin gidan. Ƙaramin janareta da inbatar sola ta gida ba kasafai suke ɗaukar mai hita ba.

Injin Amurka kuwa a yi hattara da shi. An gina shi ne a kan wuta mai zagaye 60, hitarsa tana aiki da bolt 240 tana jan sama da wat 5,000, moto da na'urar lokaci kuma bolt 120 suke sha. Wanda ya ga an rubuta 240 a bayansa ya haɗa shi kai tsaye da wutar nan zai ƙona moton. Ko an daidaita shi da taransifoma, moton zai riƙa juyawa da kashi biyar cikin shida na saurinsa. Wannan aikin mai gyaran wuta ne.

Kafin a kwance

A zare fulogi gaba ɗaya; kashe makunni bai isa ba, tunda a wasu gidajen an juya wayoyin soket. A bar injin ya huce. A ɗauki hoton wayoyi da wayar hannu kafin a cire ko ɗaya, a tara sukurori a kwano. Gefen ƙarfen ciki yana da kaifi, safar hannu tana da amfani. A wayar injin Turai, ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce mai dawowa, mai ratsin kore da rawaya ita ce ta ƙasa, kuma ba a cire ta. Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: sukudireba mai baki huɗu da mai bakin tauraro, filaya, ƙananan sifana, buroshi, tocila da mita.

Idan ya ƙi kunnuwa

A gwada soket da wani abu, sannan a duba fis ɗin fulogi. Daga nan sai makunnin ƙofa: injin ba ya tashi sai ƙofa ta danne wani ɗan maɓalli, kuma sau da yawa ɗan harshen robar da ke jikin ƙofar ne ya karye. A injina masu allon kwamfuta, wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke kan ƙona wani sashe na allon. Masu gyaran talabijin da rediyo sun fi iya wannan.

Idan yana juyawa amma babu zafi

Nan ne mita ke da rana. Hitar tana bayan ganga, cikin wani murfin ƙarfe. A cire wayoyinta a auna ta a ma'aunin om. Lissafin shi ne a ninka bolt da kansa a raba da wat: hita mai wat 2,000 a bolt 230 za ta nuna kusan om 26, ta Amurka kuwa wajen om 10. Idan mita ba ta motsa ba, wayar ta tsinke. A kuma auna tsakanin bakin hitar da jikin ƙarfen. Nan bai kamata mita ta nuna haɗuwa ba.

A jikin murfin akwai wasu 'yan maɓallai zagayayyu masu baki biyu. Ɗaya yana kashe hita idan zafi ya kai, ya mayar da ita idan ya sauka. Ɗayan na tsaro ne. A wasu injinan yana da ɗan tsinke ja da ake dannawa ya koma aiki. A wasu kuwa fis ne da ke mutuwa sau ɗaya, kamar wanda ke yankewa a digiri 91 a injinan Amurka da yawa. Lafiyayye yana nuna haɗuwa a mita.

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta zama ruwan dare: a cire mataccen fis a murɗe wayoyin biyu, a ce an haɗa dairek. Injin zai yi zafi, mai shi ya yi murna, amma an cire abu guda da ke tsakanin hita da gobara. Fis ba ya mutuwa haka kawai. Ko matatar da ke tare ɓurɓushin zare ta cika, ko bututu ya lanƙwashe, ko fanka ta toshe, ko kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, fanka ta tsaya alhali hita na da sauran zafi. Wannan na ƙarshe ya fi faruwa a nan fiye da ƙasashen da aka ƙera injin dominsu.

Idan yana gunji ganga ba ta juyawa

Abu biyu ake zargi. Idan ana jin moto yana gudu lafiya, ganga kuma tana juyawa sakayau da hannu, bel ya tsinke. Lambarsa tana rubuce a jikinsa: 1975 H7, alal misali, tana nufin tsawon milimita 1,975 da layi bakwai. Gefe mai layi-layi shi ke kwanciya a jikin ganga da kan sandar moto, sannan a ratsa shi ta ƙaramin fulin da ke ɗaure shi. Idan kuwa moton yana gunji kawai, amma ya tashi da zarar an tura gangar, to kafasita ce ta yi rauni, kamar dai yadda fankar sama ke yi sai an tura ta da sanda. Yawancinsu maikrofarad 7 zuwa 10 ne, kuma dole sabuwar ta zo daidai da lambar tsohuwar. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, don haka a sauke cajinta da sukudireba mai mariƙin roba kafin a taɓa bakinta.

Ƙara iri-iri ce. Ƙiiƙii mai tsini yawanci daga fuli ne ko boris ɗin bayan ganga. Dukan da ke maimaituwa daga tayoyin da gangar ke hawa ne, waɗanda kan yi gefe idan inji ya daɗe a ajiye. Karce-karce kuwa sau da yawa kwabo ne ko ƙusa ko ƙarfen rigar mama ya maƙale a bakin ganga.

Idan yana daɗewa kaya ba su bushe ba

Wannan ce matsalar da ta fi yawa, kuma ita ce ba ta cin ko sisi. Matatar bakin ƙofa a share ta bayan kowane wanki, lokaci-lokaci kuma a wanke ta da ruwan ɗumi da buroshi, domin sabulu da sitaci kan toshe idanunta ba a gani. Idan an zuba mata ruwa ya tsaya bai wuce ba, ta toshe. A cire bututu a kakkaɓe, a duba bakinsa na waje. Gajere kuma miƙaƙƙe ya fi, kuma kada a bar shi yana huci cikin rufaffen ɗaki. A mai tanki, a zaro akwatin sanyaya tururi da ke ƙasa a wanke shi da tiyo. Idan yana ta cewa tanki ya cika alhali babu ruwa, ƙaramin famfon da ke baya ne ya toshe da dagwalon zare.

Wani lokaci akasin haka ke faruwa, ya tsaya kaya da sauran danshi. Cikin ganga, kusa da matata, akwai siraran ƙarafa biyu masu jin danshi. A goge su da tsumma da ɗan ruwan khal. Cika ganga maƙil ma yana hana bushewa; kilo 7 ko 8 da aka rubuta nauyin busassun kaya ne.

Gobara

Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 2008 da 2010 an riƙa samun gobarar wannan inji kusan 2,900 a gidaje kowace shekara a ƙasar, kuma rashin sharewa ne kan gaba, da kashi 34 cikin ɗari. A Ingila, kamfanin Whirlpool ya sanar a 2015 cewa miliyoyin injinan Hotpoint, Indesit da Creda da aka ƙera tsakanin Afrilun 2004 da Satumban 2015 suna da lahani, ɓurɓushin zare na iya taɓa hita ya kama. Ɗaya daga cikinsu ne ya tayar da gobarar wani dogon bene a unguwar Shepherd's Bush ta Landan a Agustan 2016, kuma a 2019 aka janye waɗanda ba a gyara ba. Tunda kayan Ingila na hannu suna shigowa kasuwanninmu, mai ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ya nemi koren ɗigon da ake liƙawa a waɗanda aka gyara.

Kayan da suka sha fetur, kalanzir, baƙin mai ko man gyaɗa, irin na makanikai da masu tuya, ba a sa su ko an wanke, domin ragowar man kan ci gaba da ɗaukar zafi har ya kama da kansa. Haka soso da roba. Ba a barin inji yana aiki a fita ko a kwanta, kuma a bar shi ya kammala 'yan mintocin iskar sanyi na ƙarshe. Shadda da babbar riga mai aikin hannu irin ta birnin Zazzau, da hula, ba don gobara ake hana su ba. Zafi da jujjuyawa ne ke kashe ƙyallinsu su yamutsa ɗinkin.

Iyakar gyaran gida

Duk abin da ya shafi kwamfireso da gas ɗinsa na mai gyaran firiji ne, balle da yake wasu sababbin injinan gas ɗinsu mai kamawa da wuta ne. Mai ƙona gas yawanci an saita shi ne a kan gas ɗin bututu na ƙasarsa, sai an sauya masa kan fesawa kafin ya dace da tukunyar gas ɗin girki. Kuskure a nan yana haifar da hayaƙi mai kisa marar wari. Moton da ya ƙone a kai wa masu naɗin koyil. Injin da ke jan mutum idan an taɓa jikinsa a daina amfani da shi har a duba wayar ƙasa ta gidan.

Wajen neman kaya, a kwafi lambar injin daga farantin da ke cikin bakin ƙofa ko a bayansa, a tafi da tsohon abin a hannu. Kafasita, fis ɗin fulogi da boris ana samunsu wajen masu kayan wuta da kayan fanka a Sabon Gari. Bel da hita da fis ɗin zafi sukan sa a aika Kaduna ko Kano, ko kasuwar Alaba ta Legas, ko a ciro daga mataccen inji irinsa. Fis ɗin zafi dai dole digirin da ke rubuce a jikinsa ya zo ɗaya da na wanda aka cire.