Wane tiyo ya dace da canjin ruwa a tankin murjani?

Tambaya: Tiyo ai tiyo ne. Me zai hana in yi amfani da na ban ruwan lambu?

Amsa: Fara duba bakinsa. Yawancin tiyon lambu bakinsu na tagulla ne, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya, wani ma har da dalma. Ruwan tankin murjani kuwa, wato tankin da ake renon kifi da murjani mai rai (wata halittar teku) a cikinsa, yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma ruwan gishiri yana cin ƙarfe. Jan ƙarfen da ya narke, ko da ɗan ƙanƙani ne, guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kifin na iya ci gaba da yawonsa lafiya lau, kai kana ganin ba komai, alhali murjanin da ka daɗe kana reno yana rufewa yana dusashewa. Ita kanta robar tiyon lambu ba don ruwan sha aka yi ta ba, wata ma ana sa mata maganin hana fumfuna.

Tambaya: To wanne zan saya?

Amsa: Wanda aka rubuta a jikinsa cewa na abinci ne ko na ruwan sha. Alamar NSF 61 ta ƙasar Amurka na kayan ruwan sha ce, NSF 51 kuma na kayan abinci. Tiyon robar silikon ya fi laushi, ba ya taurarewa da wuri, sai dai tsada. Na robar PVC mai zare a ciki ba ya saurin lanƙwashewa ya toshe ruwa. Mahaɗi da maɗauri duk su zama na roba.

Tambaya: Na zubarwa da na cikawa, ƙa'idarsu ɗaya ce?

Amsa: Na cikawa ya fi buƙatar kulawa, domin duk abin da ke cikinsa tanki zai nufa. Ka ware masa nasa shi kaɗai. Tiyon da ya taɓa zuƙo fetur ko maganin feshi, ko wanda ya shiga tankin jinyar kifi mai maganin jan ƙarfe, kada ya kusanci murjani ko an wanke shi.

Tambaya: Wanki da ajiya fa?

Amsa: Ban da sabulu. Ɗauraye da tataccen ruwa, in ya yi dauɗa a jiƙa da ruwan khal, a rataye shi a inuwa ya tsane. Tiyon da ake ganin cikinsa yana yin gansakuka idan haske na dukansa.

Tambaya: Zan iya zuƙo ruwan da baki don ya fara gudu?

Amsa: Kada ka yi. Wasu murjanai masu laushi, irin su Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna palitoksin wadda ke kai mutum asibiti. Ka nutsa tiyon cikin ruwa ya cika, ka toshe baki ɗaya da babban yatsa, ka sauke shi cikin bokiti a ƙasa, sannan ka saki.