Majinar Ciki da Sinadarin Musin

Majinar ciki ruwa ne mai kauri da yauƙi da ke shafe bangon hanyar abinci tun daga baki, maƙogwaro, tumbi, har ƙarshen babban hanji. Kusan kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne, sauran gishiri ne da sinadaran kariya da wani furotin da ake ce ma musin, shi ke ba ta kauri. Jiki na ƙera ta dare da rana, kuma da babu ita da tumbi ya narkar da kansa kamar yadda yake narkar da nama.

Musin doguwar sarƙa ce ta furotin da rassan sukari suka lulluɓe ko'ina, har nauyin sukarin ya fi rabin nauyinsa duka. Rassan nan su ke jan ruwa. A hanji wasu ƙwayoyin halitta masu siffar kofi ne ke tara shi a dunƙule, in suka sake shi sai ya sha ruwa ya kumbura ya bazu. A ido ta yi kama da yauƙin kuɓewa, sai dai na kuɓewa sukarin tsiro ne, ba musin ba. Kowane waje da irin musin ɗinsa: MUC5B da MUC7 a yawu, MUC5AC da MUC6 a tumbi, MUC2 a hanji.

A tumbi aikin ya fi tsanani, don asid ɗin da ke cikinsa ma'aunin kaifinsa, wato pH, yakan sauka har 1 ko 2, kaifi sosai ke nan, amma can ƙarƙashin majinar, daf da bango, kusan 7 ne, wato babu kaifi, saboda majinar na riƙe bikarbonat da bangon ke fitarwa, shi ke kashe kaifin asid ɗin kafin ya taɓa nama. Wasu sinadarai da ake kira furostagalandin su ke sa a fitar da majinar da bikarbonat ɗin, to magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac su kuma rage furostagalandin ɗin suke yi. Wannan abu na damuna ƙwarai a nan Damagaram, mutum ya wuni yana aikin ƙarfi ko tuƙin kabu-kabu, ya sayi ƙwayoyi wajen mai tebur ya haɗiye kullum ba tare da likita ya rubuta mishi ba, ga ciki wayam, bayan wani lokaci sai gyambon ciki, wani ma har aman jini.

Ɗaya babban sanadin gyambon shi ne ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostiraliya a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Dabararta ita ce ta fitar da amoniya kewaye da ita, asid ya yi sanyi, majinar ta tsinke, sai ta kutsa ta isa bango.

A ƙaramin hanji majinar shimfiɗa ɗaya ce kuma sako-sako, dole abinci ya samu hanyar shiga jini. Babban hanji kuwa shimfiɗa biyu gare shi, kamar yadda masu bincike na jami'ar Gothenburg a Suwidin suka nuna a 2008: ta ciki a manne take da bango kuma ƙwayoyin bakteriya ba su ratsa ta, ta waje ta fi laushi, nan ne mazauninsu, suna ci daga sukarin musin. Akwai wata bakteriya mai suna Akkermansia muciniphila da aka gano a Holand a 2004, ita musin ɗin ne ma abincinta. An gwada ɓeraye da ba su iya ƙera MUC2, hanjinsu ya kumbura, daga baya wasu suka yi ciwon daji. Wani gwajin na 2016, shi ma a ɓeraye, ya nuna in abinci ba shi da dusa da zaren ganye bakteriyar sai ta koma cin majinar har ta sirance. Shi ya sa nake ganin gero da ba a surfe shi fiye da kima ba, wake, zogale da miyar kuka ba abin rainawa ba ne.

Ƴar majina kaɗan a bayan gida ba komai ba ce. Amma in ta yi yawa ga jini ga murɗar ciki, wannan atini ne galibi, ko daga ƙwayar cutar amiba, wadda ke da sinadarin yanka MUC2, ko daga ƙwayar Shigella, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne, sai an je asibiti an auna bayan gidan. Yaro ƙarami kam kar a bari ya kwana da shi a gida, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun kan hanya.