Yaƙin Tarawa: ga amsoshin, don Allah a bar maimaita min tambaya

Tun ranar da na ba da labarin nan a majalisa bayan la'asar ban huta ba, har a kasuwar Gujungu an tare ni. To ga shi a rubuce.

Kakanninmu na yaƙin Bama sun je can?

A'a. Bama daban, nan daban. Amurka ce ta kai hari don ƙwace wurin daga hannun Japan, daga 20 zuwa 23 ga Nuwamba 1943.

Ina ne wajen?

Tekun Pasifik, ƙasar Kiribati ta yanzu. Tsibirin sunansa Betio, ɗaya daga cikin tsibiran Tarawa, tsawonsa kamar kilomita 3.

Me ake nema a ɗan wannan wuri?

Filin jirgin sama. Daga nan Amurka ke son kai hari tsibiran Mashal. Na faɗa ya fi sau goma.

Malam, me ya sa sojojin Amurka ba su jira ruwa ya ciko kafin su sauka tsibirin ba?

Yawwa, wannan ce tambaya. Mu nan mun san kogin Haɗeja, ya cika da damina ya janye da rani, amma teku kullum sai ya ciko ya koma, kuma wata ne ke jan shi. Tsibirin na kewaye da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, ƙananan jiragen ruwan da ke kai sojoji gaɓa suna buƙatar ruwa kamar ƙafa 4, ranar kuwa bai kai ba, sai suka kafe. Akwai wanda ya daɗe a tsibiran ya gargaɗe su, amma manya sun riga sun tsai da rana, kuma a ganinsu duk jinkiri ƙarin lokaci ne ga Japan ta ƙara kafa bindigogi, ban ce ba su da hujja ba. Daga baya masana suka nuna a kwanakin wata ya yi nesa da duniya, shi ya ƙara rage cikowar. Ni dai na fi ganin gaggawa ce. Motoci masu iyo da sarƙa irin ta tankar yaƙi sun haye, amma ba su isa kowa ba, sauran samarin suka diro, ruwa iya ƙirji, bindiga a ka, suna takawa ɗaruruwan mitoci ana ɓarin wuta a kansu. Wanda ya isa sai ya rakuɓe jikin katangar itacen kwakwa.

Ai Amurka ce ta ci, ko?

Haba ɗan'uwa, ba ƙwallo ba ce. Cikin awa 76 sojan Amurka kusan 1,000 suka mutu. Ɓangaren Japan mutum sama da 4,500 ne suka mutu, soja 17 kawai aka kama da rai, sai leburori 'yan Koriya 129.