Waiwaye: Takardar Jinotayif da Abin da Ya Faru a Wani Ƙauyen Girka

Tun da aka sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano a 2024, maganar jinotayif ta ƙi kwanciya. A rediyo, a Facebook, har a ƙofar gidan da ake ɗaurin aure, tambayar ɗaya ce: saurayi AS, budurwa AS, wato kowannensu lafiyayye ne amma yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, a ɗaura ko a fasa? Masu goyon bayan hani na cewa duk wanda ya taɓa kwana a asibiti riƙe da yaro mai sikila yana kukan ƙashi ba zai tsaya tambaya ba. Ɗaya ɓangaren na cewa matar mutum kabarinsa, takarda ba ta raba abin da Allah ya haɗa. Mai sauraro sai ya ɗauka jiya aka fara, alhali wasu ƙasashe sun fi shekara hamsin suna wannan gardama, kuma sun bar sawu.

Farkon labarin sikila sananne ne. A 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin wani ɗalibi ɗan Grenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano cewa matsalar tana cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. A 1954 kuma Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a gabashin Afirka, cewa mai AS ya fi mai AA, wanda ba ya ɗauke da ƙwayar, tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wato sauro ne ya raini wannan ƙwayar gado a cikinmu. Shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da ita, kuma ƙiyasin da aka saba ambata shi ne jarirai 150,000 masu sikila a duk shekara. Abin da ya ceci kakanni shi ne yake kwantar da jika idan ya gaje shi ta uwa da uba. To AS cuta ce ko garkuwa? Masu falsafar ilimin halittu har yau suna kafa misali da wannan, don nuna cewa sunan "cuta" ya danganta da inda mutum yake zaune.

Amurka ta kafa dokar yaƙi da sikila a 1972, wasu jihohinta suka tilasta gwaji. Aka kasa bambance mai ɗauke da ƙwayar da mai ciwon, har lafiyayyun mutane suka rasa aiki, wasu aka tsawwala musu kuɗin inshora. Wannan an sha faɗa.

Wanda ba a cika faɗa ba, kuma ya fi kama da halinmu, shi ne labarin Orkomenos, wani ƙauyen manoma a tsakiyar Girka, gefen tsohon tafkin Kopais inda sauro ya taɓa yin gida. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen garin suna ɗauke da ƙwayar sikila, kuma iyaye ne ke haɗa aure. Ga masu bincike wannan kamar an sa kuturu a inuwa ne: tunda manya ke zaɓa wa yara, a gwada kowa, a yi wa kowa bayani, sai iyaye su daina haɗa mai ɗauke da mai ɗauke. Haka aka yi. Aka bi iyalai aka ɗebi jini, aka zaunar da su aka yi musu bayani.

Bayan shekara bakwai aka koma duba abin da aka shuka. George Stamatoyannopoulos, likitan da ya ba da rahoton a 1974, ya tarar mutane sun riƙe karatun, sun san yadda ciwon ke bin gado. Amma ƙauye ba ya riƙe sirri. Kowa ya san gidan da aka ce akwai "abin", sai iyalai marasa ɗauke suka fara gudun masu ɗauke, duk da an gaya musu auren AA da AS ba ya haifar da mai sikila. Darajar yarinya mai ɗauke ta faɗi a wajen neman aure. Iyaye suka koyi ɓoyewa, wasu suka koyi ƙarya. Wanda aka guda kuwa ina zai nufa, in ba wajen wanda shi ma aka guda ba? Auren da aka yi aikin don a rage shi bai ragu ba.

Ba jahilci ne ya kayar da aikin ba, kuma nan ne nake ganin muke yawan kuskuren lissafi. Mun ɗauka da zarar an wayar da kai an gama. Mutanen Orkomenos kansu a waye yake. Abin da ba a lissafa ba shi ne inda sakamakon zai je bayan ya bar hannun likita, da bakin da zai faɗa.

Waɗanda suka zo daga baya sun ɗan gyara. A Cyprus, inda matsalar talasimiya ce, 'yar'uwar sikila, coci ta fara neman shaidar gwaji kafin aure a 1983, amma ba ta hana masu ɗauke su auri juna. Saudiyya ta wajabta gwaji a 2004, ta bar wa masu auren zaɓi bayan an ba su shawara. Wata ƙungiyar Yahudawa a New York, Dor Yeshorim, da aka kafa a shekarun 1980 saboda wata cutar gado mai suna Tay-Sachs, ta bi wata dabara: ana gwada matasa tun kafin maganar aure, a ba kowa lamba, ba a gaya masa sakamakonsa. In an fara neman aure sai a miƙa lambobi biyu, amsa ta dawo: sun dace, ko ba su dace ba. Ba wanda za a nuna da yatsa.

Mu kuwa sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, wani lokaci lefe ma ya shiga gida, sannan a tuna da asibiti. Na taɓa zama a benci ɗaya da wata yarinya da gwaggonta a bakin ɗakin gwaji, saura kwana tara biki. Aka miƙo takarda, gwaggon ta riga ta karɓa, ta juya ta sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar nan, me suka rubuta?" Yarinyar ta ce, "AS ne, Gwaggo." Ba wanda ya fito ya gaya musu cewa ita lafiyarta ƙalau, ko cewa ɗaya cikin huɗun da ake faɗa na haihuwar mai sikila idan AS ya auri AS ƙuri'a ce da ake sake jefawa a kowane ciki, ba rabon ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Gwaggon ta ninke takardar gida huɗu ta soke a lalitarta, ta ce, "Kada ki kuskura dangin mijin su ji." Suka tashi suka fita neman adaidaita.